Ruwa Na Ƙasa, Amma Na Wa? Tsokaci Kan Zuƙar Ruwan Burtsatse a Kano

Bahaushe ya ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A ajin adabin baka mukan sanya wannan karin magana a rukunin waɗanda ke zaburar da mutum ga neman na kansa, kuma nan ne gurbinsa. Sai dai duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano a 'yan shekarun nan, ya ji rurin motocin haƙar burtsatse lungu-lungu, zai ga kamar jama'a sun ɗauki maganar a kan zahirinta: ruwa yana nan jibge a ƙasa, ba shi da iyaka, ba shi da mai shi, wanda ya riga tonawa shi ya samu. Ra'ayin da nake son karewa a wannan tsokaci shi ne, zuƙar ruwan ƙasa ba bisa ƙa'ida ba tana gurɓata shi tun kafin ta ƙarar da shi, don haka lokaci ya yi da za a sanya wa manyan masu zuƙa awo da iyaka. Ina kuma ganin mu manazarta Hausa muna da namu kason na aikin, domin har yanzu ba mu samar wa jama'a kalmomin da za su yi wannan muhawara da su ba.

A zamanin da aka yi wancan karin magana, da hannu ake tona rijiya, da gaba ake auna zurfinta, da guga da igiya ake jan ruwanta. Ƙarfin damtsen mai ja shi ne iyakar abin da zai ɗiba. Ko mutum ya wuni a bakin rijiya, ba zai kwashe abin da damina ba za ta mayar ba. Wato guga da kansa doka ne, ko da ba a rubuta shi a kundi ba. Rijiyar kuma ta jama'a ce, sananniya, har unguwa kan ci sunanta. Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki da Rijiya Biyu duk shaida ne. Idan wani ya zubar da ƙazanta kusa da ita, idon mutane yana kansa. Yau an zura inji a cikin bututu, wanda masu sana'ar ke kira sumo, an boye bakin rijiyar a bayan katanga, kuma tun da sola ta yi araha ko tsadar man janareta ba ta ƙara hana kowa barin injin yana aiki daga hantsi zuwa la'asar. Tsohuwar iyaka ta faɗi, ba a kuwa kafa wata a madadinta ba.

Kafin a ci gaba, ya kamata a fayyace abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa akwai wani kogi ko tafki a can ƙasa, wanda mai haƙa ke hudawa ya tarar. A mafi yawan ƙasar birnin Kano ba haka abin yake ba. Garin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Ruwan yana maƙale ne a wuri biyu: cikin ruɓaɓɓen dutse da marmara da yashin da ke saman dutsen, sai kuma cikin tsagogin dutsen kansa. Wannan shimfiɗa mai riƙe ruwa ita zan riƙa kira makwancin ruwa. Ba ta da kauri sosai, kuma abin da ke cika ta shi ne ruwan saman da ke sauka cikin 'yan watannin damina, ya tsatsa ƙasa a hankali. Makwancin bai san katanga ba, bai san takardar mallakar fili ba. Burtsatsen gidan Malam da ta gidan Alhaji ƙwarya ɗaya suke sha.

Da zarar inji ya fara zuƙa, ruwan da ke kewaye da bututun sai ya faɗa, ya yi siffar mazurari, bakinsa a sama, tsininsa a gindin rijiyar. Ruwa kuwa gangare yake bi. Saboda haka duk wani ruwa da ke cikin da'irar wannan mazurari, daga gabas ko yamma, daga sama ko gefe, sai ya juyo ya nufo rijiyar. Gwargwadon ƙarfin zuƙa da daɗewarta, gwargwadon faɗin mazurarin. Idan burtsatse goma suna aiki a layi ɗaya, mazuraransu kan haɗe su zama babban kwari guda. A nan ne batun yawa ya zama batun tsabta. Ruwan masai da na sokawe da na kwata, wanda a da yake tafiyar hawainiya a saman ƙasa har ƙasar ta tace shi, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su mutu a hanya, yanzu an ba shi gangare da sauri. Idan kuma ya faɗa tsagar dutse, to babu sauran tacewa, domin tsaga kamar bututu take.

Akwai wani ɗan lissafi da nake ganin ya isa ya tayar da hankalin kowa. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya da na agaji suka fi amfani da ita ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiyar sha. Filin da talaka da matsakaicin ma'aikaci ke saya a gefen Kano kuwa sau da yawa ƙafa 50 ne tsawo, ƙafa 50 faɗi, wato kimanin mita 15 kowane ɓangare. Ko da mai gida ya kai masai wannan kusurwa, ya kai burtsatse waccan, tazarar ba za ta wuce mita 22 ba. Wannan ma idan an manta da masan maƙwabta uku da ke jingine da katangarsa ke nan. Ma'ana, tsarin kowane gida da burtsatsensa, kowane gida da raminsa, ba zai taɓa cika ƙa'idar ba komai kyawun niyyar mai gida. Laifin na tsarin ne.

Ƙari a kan haka, ita kanta burtsatsen takan zama ƙofar ɓarna idan aka yi ta da ha'inci. Ramin da mota ke haƙawa ya fi bututun da ake zurawa faɗi. Aikin ƙwarai shi ne a cike ratar da tsakuwa daga ƙasa, sannan a toshe mitocin sama da siminti, don kada ruwan saman ƙasa ya bi jikin bututu ya gangara. Siminti kuɗi ne, mai gida kuma ba ya ganin abin da aka binne. Mai haƙar da ke son ya karya farashin abokin sana'arsa a nan yake rage hannu. Irin wannan rijiya tana shayar da gidan, tana kuma zurara dattin unguwa kai tsaye zuwa makwancin da kowa ke sha.

Na ga wani ɓangare na wannan da idona. A gidan da na taso akwai rijiyar hannu wadda ko a tsakiyar bazara ba ta taɓa ƙafewa ba, sai dai ta ja baya a ƙara igiya. Shekarar da aka buɗe wata masana'antar ruwan leda a bayan layinmu, rijiyar ta fara ba da laka tun kafin sanyi ya wuce, a shekara ta biyu kuwa ta ƙafe ƙaf. Ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya biyo baya shi ne, da aka ga ba ta da amfani, sai aka fara jefa shara a cikinta, har wani daga cikin dattawan gidan ya kawo shawarar a mayar da ita masai, tun da ga rami a haƙe. Da ƙyar aka rinjaye shi. Ban san adadin tsofaffin rijiyoyin da aka yi wa haka a cikin gari ba tare da wani ya yi musu ba, amma kowace ɗaya rami ce da ta riga ta kai ga ruwa, kuma injin da ya ƙafar da ita yana nan kusa yana ja.

Ba dattin bayan gida kaɗai ba ne. Kano gari ne na jima tun fil azal, kuma masana'antun fata na zamani da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai suna aiki da sinadarin kuromiyam. An daɗe ana rubutu a kan abin da ke kwarara cikin rafin Getsi da Jakara da kogin Challawa. Ga kuma sinadarin naitiret da ke fitowa daga fitsari da bayan gida da takin zamani, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi a miligiram 50 cikin kowace lita, saboda illarsa ga jariran da ake dama wa madara da ruwan. Uwa mai kula takan tafasa ruwa ta ce ta gama nata. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da naitiret. Hasali ma idan ruwan ya ƙone, ƙara masa ƙarfi take yi.

Mai karatu zai iya cewa, ai sai a ƙara zurfi a wuce dattin. Wannan ita ce amsar da kowane mai haƙa ke bayarwa, domin da mita ake biyansa. Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna cewa zurfi ba ya ba da kariya idan ba a kula da zuƙa ba. A Bangaladesh, tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin bututu don a raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo amai da gudawa, kuma an yi nasara a wannan fuska. A 1993 aka tabbatar da cewa ruwan da yawa daga cikinsu yana ɗauke da gubar asanik, wadda ke cikin lakar ƙasar tun asali. Wani rahoto da ya fito a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2000 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 suna cikin haɗari. Sai da aka bi rijiyoyi ana shafa wa bakin famfo jan fenti ko kore, don a bambanta mai guba da mai kyau. Makwancin da ke can ƙasa, wanda ya wuce mita 150, galibi ba shi da gubar, shi ya sa masana suka yi ta jan kunne cewa a keɓe shi don sha kawai, domin idan aka sake shi ga manyan injinan ban-ruwa, zuƙar za ta iya janyo ruwan sama mai guba ta sauko da shi.

Wannan fargaba ta tabbata a Biyetnam. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2013 ya duba ƙauyen Van Phuc da ke gefen birnin Hanoi. Yawan ruwan da birnin ke zuƙa ya juya alƙiblar ruwan ƙasa, har ruwa daga makwanci mai asanik ya kutsa fiye da kilomita 2 cikin makwancin da a da yake da tsabta. Gubar kanta ta yi tafiyar kimanin mita 120 ne kawai, saboda yashin wurin yana riƙe ta. Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya zuba guba a Van Phuc. Injinan da ke nesa, a cikin birni, su suka jawo ta.

Kusa da gida ma muna da darasi mai ɗaci. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan wata rijiya mai zurfi da aka fara shayar da garin da shi a tsakiyar shekarun 1980 ya kasance yana ɗauke da sinadarin fulorayid ninkin-ba-ninkin miligiram 1.5 a lita da aka yarda da shi. Kafin a farga a daina, ɗaruruwan yara sun sami lanƙwasar ƙashi da lalacewar haƙora. Gaskiya ne cewa ba yawan zuƙa ne ya jawo na Tibiri ba. Sinadarin yana cikin ƙasar. Na kawo shi ne domin ruwan garai-garai yake, ba wari, ba launi, kuma mutanen da suka sha shi harshenmu suke magana, da ma'aunin ido da harshe irin namu suka auna shi.

Yanzu sai hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan ra'ayina, wadda ba zan raina ba. Babu wanda ke kashe maƙudan kuɗi ya haƙa burtsatse don nishaɗi. Kano ta sami ruwan famfo daga Challawa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, an gina madatsar Tiga a shekarun 1970, an yi matatar Tamburawa, amma garin ya yi faɗin da bututu bai bi shi ba. Akwai unguwannin da yaran da aka haifa a cikinsu har suka yi aure ba su ga famfo ya kawo ruwa ba. Burtsatse da kurar 'yan garuwa su ne suka riƙe rayuwa. Mutumin da aka kasa kai wa ruwa, da wane baki za a ce masa ya nemi izini kafin ya tona a gidansa? Kuma kowa ya san yadda lasisi kan rikiɗe ya zama hanyar tara haraji da cin na-goro. Wannan tsoro yana cikin abubuwan da suka tayar da ƙura a kan ƙudirin dokar albarkatun ruwa na ƙasa, wanda ya gamu da turjiya a majalisa a 2018 da kuma 2020. Ita ma dokar da ke aiki, wato Doka ta 101 ta 1993, ta bar wa mai haƙƙin zama a fili damar ɗibar ruwan ƙasa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi.

Na yarda da wannan dama, ban kuma nemi a taɓa ta ba. Inda na saɓa da masu cewa a bar kowa ya yi yadda ya ga dama shi ne, sun haɗa mai cika tanki ɗaya don iyalinsa da mai cika tankokin mota don sayarwa a ma'auni guda. Masana'antar ruwan leda, da otal, da wurin wankin motoci, da kamfanin da ke jiƙa fata, abin da ɗayansu ke ja a yini zai shayar da gidaje masu yawa. Su ne ke faɗaɗa mazurarin da ke ƙafar da rijiyar talaka, ya kuma janyo mata datti. Rashin doka bai kare talaka ba. Ya bar shi ne a gasar da mai dogon bututu da babban inji zai ci kullum. Waɗannan manya su ya kamata a sa wa mita a bakin bututu, a yanka musu adadin da ba za su wuce ba, a rage shi a bazara, a kuma tilasta musu gwajin ruwa a kai a kai, a liƙa sakamakon inda maƙwabta za su gani.

Game da gidaje kuwa, igiyar a wuyan mai haƙa ya kamata a ɗaura ta. Masu motocin haƙa ba su kai masu gidaje yawa ba, kuma mota ba ta ɓuya. A yi musu rajista, a wajabta wa kowannensu ya miƙa bayanin duk rijiyar da ya haƙa: wuri, zurfi, inda ya tarar da ruwa, da mita nawa ya toshe da siminti. Wanda aka kama ya bar rata a buɗe a karɓe takardarsa. Daga waɗannan bayanai ne za a san unguwar da ta cika, a ce nan kam sai dai a haɗu a kan burtsatse ɗaya mai kyau, nesa da ramuka, a ja bututu zuwa gidaje. A ware wasu rijiyoyi da ba a zuƙa, aikinsu kawai a riƙa zura awo duk wata a ga ko ruwa ya hau ko ya sauka. Wannan aiki ne da ɗaliban jami'a za su iya yi da igiyar awo da littafi. Ba tare da irin wannan awo ba, duk iyakar da aka yanka kintace ce.

Wani zai ce wannan tunani baƙo ne. Ban yarda ba. Malamanmu na zaure sun san babin haramin rijiya a fiƙihun Malikiyya, wato kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ruwanta ko ya ƙuntata wa masu zuwa ɗiba ba. Abin sha'awa shi ne, mazhabar ba ta tsaya a kan wani adadin kamu guda ba, cutarwa ta sa a gaba, domin ƙasa mai tauri da mai laushi ba ɗaya suke ba. Masanin ruwan ƙasa na yau da zai ji wannan, zai ce ai mazurarinsa ake nufi. Hatta labarin Kusugu, idan aka ajiye takobin Bayajida gefe, labari ne na wanda ke da ikon cewa yau za a ɗebi ruwa, gobe ba za a ɗiba ba, kuma ba banza aka kira macijin da suna Sarki ba. Al'ummar da ta ajiye irin wannan labari a tushen tarihinta ta daɗe da sanin cewa rijiya maganar mulki ce.

A nan ne nake dawowa kanmu. Hausa tana da zartsi, tana da garɗi, tana da gurɓatacce da tsararre, tana da ido da marmaro da idon rijiya. Duk kalmomi ne na abin da harshe ya ɗanɗana ko ido ya gani. Ba mu da daidaitacciyar kalma ta shimfiɗar da ke riƙe ruwa, ko ta faɗawar ruwa a kewayen bututu, ko ta komawar ruwan sama cikin ƙasa, ko ta gubar da ba ta da ɗanɗano. Na yi amfani da makwancin ruwa da mazurari a wannan rubutu bisa larura, ban kuma ce su ne suka fi dacewa ba. Wani zai fi son taska ko rumbu, ko da yake a ganina waɗannan biyun suna ƙarfafa kuskuren cewa ruwan a tare yake wuri guda kamar hatsi. Muddin mai gabatar da shiri a rediyo da mai unguwa da limamin Juma'a ba su da kalmar da za su ce injin wane yana janyo ruwan ramin wane, muhawarar za ta tsaya a tsakanin injiniyoyi, cikin Ingilishi, a ɗakin taro.

Akwai kuma aikin gaggawa na tattara abin da ya rage. Tsofaffin masu haƙar rijiya da hannu suna da sunayen kowace shimfiɗar ƙasa da suke ratsawa kafin su kai ga ruwa, suna da alamomin da suke gane kusantowarsa, sun san unguwar da ruwanta ke da zartsi da wadda ruwanta ke da daɗi, da zurfin da ake samunsa a kowace shekaru arba'in da suka wuce. Wannan ƙamus ne, kuma tarihin awon ruwa ne da babu shi a kowane ofis. Motar haƙa ta karɓe musu sana'a, 'ya'yansu sun kama wasu hanyoyin. Ina ba da shawarar sassan Hausa su haɗa kai da sassan nazarin ƙasa, a tura ɗaliban digiri na biyu su zauna da waɗannan dattawa da na'urar ɗaukar magana, unguwa-unguwa, a fara da cikin ganuwa inda rijiyoyin suka fi tsufa.